Jan Fil Ba Ya Sauka

"Maimaita," in ji Gwaggo.

Ƙafarta ɗaya tana cikin tasi, ɗayar tana waje. Direba sai danna ham yake, amma ta ƙi shiga. Rediyo ya dafa ƙirji kamar mai rantsuwar kama aiki.

"In farashin zinare ya taɓa jan fil, in kira Dillali in sayar duka. In bai taɓa ba, in kama bakina in zauna."

"Wanne ya fi maka wuya?"

"Kama bakin, Gwaggo."

Auta, 'yar Gwaggo, ta leƙo daga kujerar baya. "Mama, ƙarfe tara likitan ido ya ce. In kika biye wa wannan, sai an tashi daga asibitin yana kan gabatarwa."

"Ke dai riƙe jaka," in ji Rediyo. "Abin da kika karanto ke nan shekara huɗu."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta sa hannu a wuya ta jawo wata igiya mai mukullai biyu, ta ware ɗaya ta nuna masa.

"Ka ga wannan? Na biyu ne na akwatin ƙarfe. In na dawo na sami shagona yadda na bar shi, mukullin naka ne."

Tasi ta tafi. Rediyo ya tsaya a bakin titi yana ɗaga hannu, bakinsa har kunne. Shekara uku yana jiran maganar nan. Shekara uku yana goge gilashi, yana auna 'yan kunne, yana ce wa mata, "Hajiya, wannan sarƙar ke take jira tun daga masana'anta." Mai mukulli na biyu ba yaron shago ba ne, abokin sana'a ne. Ya riga ya sanar da matarsa tun jiya cewa daga yau ta riƙa ce masa Manaja. Ta ce to, Manaja ya taho da sabulu in zai dawo.

Sunan Rediyo kuwa ba a banza ya same shi ba. Mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faro maka daga wanda ya ƙera agogon. A duniyar nan mutum ɗaya ce take iya kashe shi ba tare da ta taɓa maɓalli ba, ita ce Gwaggo, yayar mahaifinsa.

Shagonta ɗan ƙarami ne, a hawa na biyu na ginin kasuwa, tsakanin mai gyaran agogo da mai gyaran waya. In ka shiga za ka ga kantar gilashi, sikeli, kujera biyu, da fanka mai juyawa gefe ɗaya kamar mai ciwon wuya. 'Yan kunne da zobba su ne na ganin ido. Ainihin sana'ar tana cikin akwatin ƙarfe, 'yan dunƙulen zinare da Gwaggo take saye in ta ga farashi ya miƙe hanya. Ƙwaƙwalwar sana'ar kuma tana jikin bango, bayan ƙofa.

Takarda ce mai gida-gida irin ta 'yan makaranta, an jona guda uku da salatif an manna a kan kwali. Kullum da yamma Gwaggo za ta ɗiga farashin giram da baƙin biro. Sannan ta ɗauki wani fil mai jan kai, ta ƙirga gida huɗu ƙasa da farashi mafi tsawo da aka taɓa kaiwa, ta soke shi a layin gobe. Kowane gida goma ne. In farashi ya yi sabon hawa, fil ya hau. In bai yi ba, fil ya matsa gaba a inda yake. Abu ɗaya ne ba ya yi, ba ya sauka. Wata bakwai ke nan, ramukan da ya bari a baya sun jeru a takardar kamar matakalar bene.

Maigadi take kiransa.

Masu kwat da kwamfuta biyu-biyu sun zo sun ga takardar nan sun yi murmushi. Gwaggo ta bar su da murmushinsu. Ba ta sauraron hasashe, ba ta tambayar dalili. Ta taɓa ce wa Rediyo, "Motar da take hawa tudu ba ka dira don ka ji ta yi sauri. Ka zauna. Ranar da ka ji ta fara komowa da baya, ka dira, kada ka tsaya tambayar direba me ya faru."

Yau farashi mafi tsawo ɗari tara da arba'in ne, don haka Maigadi yana tsaye a ɗari tara cif. Rediyo ya sara masa, ya kunna fanka, ya hau kujerar Gwaggo, wadda bai taɓa zama a kai ba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Mai Agogo ya leƙo da gilashinsa na ido ɗaya a goshi. Dattijo ne, shekara ashirin suna maƙwabtaka da Gwaggo.

"A'a. An yi juyin mulki ne?"

"Cikin lumana, Baba. Ba a zubar da jini ba."

"Allah ya sa a gama lafiya. Aikin ido ba wasa ba." Ya dubi takardar bango ya girgiza kai. "Ka ga matar nan? Lokacin da ya kai ɗari bakwai na sayar da ɗan nawa, na zo har nan na ce, Hajiya, ya kai ƙarshe, ki sauka. Ka san me ta ce? Wai, 'Malam, shi ya faɗa maka?'"

"Ai Gwaggo ba ta da jijiyar tsoro. An cire tun tana yarinya."

"Tana da ita," in ji Mai Agogo. "Ta dai san inda ta ajiye ta."

Har ƙarfe goma da rabi komai lafiya. Rediyo ya sayar da zobe ɗaya, ya gyara wa wata maƙullin sarƙa, ya ba wani ango shawarar da bai nema ba. Waya tana kan kanta, lambobi suna 'yan tsalle-tsallensu a wajen ɗari tara da talatin.

Sai Caja ya faɗo shagon ba sallama.

Caja shi ne mai gyaran waya. Sa'an Rediyo ne, kuma shi ma ɗan kasuwar zinare ne, amma a cikin waya. Sau uku kasuwa tana yi masa wankin babban bargo, sau uku yana dawowa da sabon ilimi. Yana cikin zaurukan waya goma sha ɗaya na masana, kowanne da hoton zaki.

"Ka gani? Ka ga abin da ke faruwa?"

Rediyo ya duba. Ɗari tara da sha biyar.

"Me ya faru?"

"Wani mai farin gashi ne a wata ƙasa ya tsaya gaban makirufo ya yi magana."

"Ya ce me?"

"Wa ya sani? Tari ma in ya yi, sai mun ji a jikinmu."

Rediyo ya sauke ƙafarsa ƙasa. Ɗari tara da goma. Ya tashi ya je bayan ƙofa ya dubi fil, ya dawo ya dubi waya. Ɗari tara da shida. A ƙasan bene an fara jin hayaniya, masu shagunan zinare suna kiran juna, wani yana ihu a waya, "Sayar! Na ce sayar!"

"Kada ka kuskura," in ji Caja, ya kama masa hannun riga. "Tarko ne. Manya ne suke girgiza bishiya don ƙanana su zubo. Duk zaurukan abin da ake faɗa ke nan. Kafin yamma zai koma sama, har ya wuce."

"Zaurukan da suka sa ka sayar da babur?"

"Wancan daban. Wancan kuskuren intanet ne."

Wani ya kira Caja daga shagonsa, ya fita yana waige. Rediyo ya rage shi kaɗai da fanka. Ɗari tara da uku. Ɗari tara da ɗaya. Ya fara lallashin zinaren ta cikin wayar.

"Haba ɗan albarka. Wata bakwai kana hawa, sai yau da na hau kujera? Me na yi maka? Ni da nake goge ka da auduga?"

Ɗari takwas da casa'in da tara.

Lambar Dillali tana nan a saman waya, dannawa ɗaya ce. Dillali babban mai saye ne, kalma ɗaya za ka faɗa masa a waya farashi ya ɗauru, yaransa su zo da yamma su ɗauki kaya. Rediyo ya ɗora yatsa a kan lambar. Yatsan ya ƙi dannawa.

Abin da ya zo masa a rai shi ne labarin da za a riƙa bayarwa a benen nan. Hajiya ta riƙe zinare wata bakwai, ta bar wa Rediyo awa uku, ya zubar. In kuma ya koma sama da yamma, kamar yadda Caja ya ce? Da wane ido zai dubi Auta? Yarinyar nan za ta yi shekara goma tana cin abinci da maganar.

Ya je bayan ƙofa. Shi da fil suka tsaya suna kallon juna.

"Maigadi," ya ce a hankali, "kai ma ai kana gajiya da tsayuwa."

Ya leƙa waje, ba kowa. Ya zare fil ɗin, ya ƙirga gida biyu ƙasa, ya soke shi a ɗari takwas da tamanin. Ɗan sautin da takardar ta yi bai kai na cizon sauro ba.

Ya ja da baya ya duba. To, me doka ta ce? In farashi ya taɓa fil. Ya taɓa? Ga farashi can sama, ga fil nan ƙasa, tsakaninsu har da wurin shimfiɗa tabarma. Rediyo ya ji kansa ya burge shi. Da lauya ya zama, da yanzu yana da mota.

Wayar ta yi ƙara, har ya kusa yar da ita. Dillali ne.

"Yaron Hajiya, ya kasuwa? Na ji shiru. A lissafina layinta ya kusa."

"Da saura, ranka ya daɗe."

"Da saura?" in ji Dillali. "To. Ita dai ba ta taɓa makara ba. Ina nan."

Ɗari takwas da casa'in da biyu. Ɗari takwas da tamanin da takwas.

Nan fa lauya ya gudu ya bar Rediyo. Gumi ya jiƙa masa baya, fanka kuwa ta juya wuyanta can gefe kamar ba ta san shi ba. Wata mata ta shigo tana tambayar awarwaro, ya ce mata babu, alhali ga su nan jere a gabanta. Ta dube shi, ta dubi awarwaron, ta fita. Mai Agogo ya wuce da kofin shayi, ya tsaya a ƙofa.

"Yau tashar ba ta kamawa ne? Na ji shiru."

"Gyara muke yi, Baba."

Dattijon ya ɗan karkata kai wajen bayan ƙofa, sannan ya dubi Rediyo. Ya kurɓi shayinsa ya wuce.

Ɗari takwas da tamanin da huɗu.

Saura huɗu ya sake taɓa fil. Kuma ga abin da ya fi ba Rediyo tsoro: ya tarar da kansa tsaye a bayan ƙofa, hannunsa a sama, yana ƙirga wasu gida biyu. Bai san lokacin da ya taso ba. Ya janye hannun ya cusa a aljihu, ya danne shi da ɗayan.

Lambar ta tsaya. Ta yi kamar minti biyar tana rawa a wuri ɗaya. Sai ta koma tamanin da bakwai. Casa'in. Casa'in da shida.

Ɗari tara da biyu.

Rediyo ya zauna a ƙasa, a kan tayil, ya jingina da akwatin ƙarfe. Can sai ya tashi ya zare fil ya mayar da shi raminsa na asali, ɗari tara cif, ya shafa masa kai.

Wajen ƙarfe uku farashi ya koma ɗari tara da talatin. Kafin huɗu ya wuce arba'in ɗin da bai taɓa wucewa ba, ya je ya zauna a ɗari tara da hamsin kamar ba shi ne ya tayar wa mutane da hankali ba. Ƙasan bene ya yi tsit, irin shirun waɗanda suka sayar da safe. Saman bene kuwa biki. Caja ya shigo da lemo biyu masu sanyi.

"Ban faɗa maka ba? Ban faɗa ba? Jama'a, ku zo ku ga namiji! Kowa ya zubar, shi ya riƙe!"

Tashar ta dawo da ƙarfinta. Rediyo ya tsaya a ƙofar shago yana ba da labari, mutum biyar, shida, har da mai shara.

"Ni fa ko gezau. Na dube shi na ce, kai zinare, ni da kai wa ya girmi wani? Ina ganin lambar tana sauka ina gyara zaman hula. Abin a jini yake, ba a koya."

"Rigarka ta bushe?" in ji Mai Agogo daga cikin shagonsa.

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma da mutane suka watse sai ya koma bayan ƙofa. Ramin yana nan. Ɗan mitsitsi, gida biyu ƙasa da fil, shi kaɗai a fili, a wurin da babu wani rami da ya taɓa zuwa. Ya danna shi da farce. Ya sa ɗan yawu ya murza. Ya ɗaga takardar ya tura ta baya da kan biro. Ramin ya rufe ido kaɗan, ya sake buɗewa.

Ya ce a ransa, wa zai gani? Idon Gwaggo ɗaya yana cikin bandeji, ɗayan kuma yana jiran nasa aikin, da ƙyar yake raba mutum da ƙofa. Kuma ma gida za a wuce da ita. Kafin ta warware an cika takardar an sa sabuwa.

Ƙarfe biyar saura sai ya ji muryar Auta a matakala.

"Mama, likita ya ce gida. Gida ya ce, bai ce kasuwa ba."

"Ya ce kada in sunkuya. Kin ga na sunkuya?"

Gwaggo ta shigo tana dafe da kafaɗar Auta, auduga da filasta sun rufe idon dama, baƙin tabarau a kai. Duk benen ya fito yi mata sannu. Caja ya riga kowa.

"Hajiya, ɗanki zaki ne! Yau kasuwa ta yi aman mutane, shi ko motsi!"

"Haka ne?" in ji Gwaggo.

"Ƙananan abubuwa ne, Gwaggo," in ji Rediyo, yana jawo mata kujera. "Ya idon? Sun ce yaushe za ki fara ganin kyawuna sosai?"

"Sun ce kada in kalli abin da zai tayar min da hankali."

Auta ta tuntsire da dariya. Gwaggo ta sallami 'yan sannu, ta ce wa Auta ta sauka ta tsayar da tasi. Ba ta zauna ba. Ta lallaba bango har bayan ƙofa.

"Mafi tsawo yau?"

"Ɗari tara da hamsin."

"Ma sha Allah. Ɗiga."

Ya ɗiga da baƙin biro. Ta ɗaga hannu tana laluben fil. Yatsunta suka bi matakalar ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi, har suka kai jan kan. Ta zare shi. Sai ɗan yatsanta ya zame ƙasa kaɗan.

Yatsan ya tsaya.

Ya koma sama, ya sake saukowa a hankali. Gida ɗaya. Gida biyu.

Gwaggo ta juyo da kai wajensa.

"Nawa ne mafi ƙasa yau?"

Rediyo yana da amsa bakwai a baki. Akwai ta ƙwaro, akwai ta fil ɗin ya faɗi da kansa ya mayar a gurguje, akwai ta Caja ya jingina da bango. Duk masu kyau ne. Ya dubi yatsan nan da bai motsa daga kan ramin ba.

"Ɗari takwas da tamanin da huɗu."

"Maigadi yana ina?"

"Na... na ba shi hutu, Gwaggo. Na ɗan lokaci."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Shi kuwa da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Amma Gwaggo, ki duba fa," ya ce da sauri. "Da na sayar, da yanzu muna cizon yatsa. Ya dawo. Har ya wuce. Ba a yi asarar ko ƙwayar giram ba."

"Da ka sayar a ɗari tara, da ya wuce arba'in mun sake saye. Mun yi asarar gida huɗu, mun sha shayi, mun kwana lafiya. Sau nawa ka ga na yi haka?"

"Sau biyu."

"Na mutu?"

"A'a."

Ta ciro igiyar daga wuya, ta miƙa masa mukulli na farko. "Buɗe. Ɗaga farantin ƙasa. Akwai takarda."

Bai taɓa sanin farantin yana ɗaguwa ba. A ƙarƙashinsa akwai wata takarda mai gida-gida, ta tsufa ta yi ruwan ƙasa, an ninke ta huɗu. Ya buɗe a kan kanta. Rubutun Gwaggo ne. Ga matakalar ramuka tana hawa, kyakkyawa, har tsakiyar takarda. Daga nan sai rami ɗaya a ƙasa. Wani a ƙasansa. Wani kuma. Ya ƙirga guda shida, suna gangarowa har bakin takardar, na ƙarshen ma ya yaga gefen. An zagaye na farkon da jan biro, an danna har ya kusa hudawa.

"Ka san babban shagon nan na ƙasa, na kan kwana, mai ƙofa biyu? Inda ake sayar da takalma?"

"Na sani."

"A da nawa ne."

Rediyo ya ɗago. "An ce mana ciwon kunne ne ya sa kika dawo sama. Wai hayaniyar titi."

"Babanka ne ya ƙirƙiro wannan, Allah ya saka masa. A wajensa ka gado." Ta ɗora hannu a kan tsohuwar takardar, yatsanta ya tafi kai tsaye kan jan zagayen, ba lalube. "Na farkon nan gida biyu ne kacal. Na ce zai dawo. Kowa ma ya ce zai dawo. Na biyun ya fi sauƙi. Na ukun ban ma san na yi ba, sai ganin hannuna na yi a bango."

Rediyo ya tuna nasa hannun a sama yana ƙirga gida.

"Ni na yi sa'a," in ji Gwaggo. "Nawa bai dawo ba. Ya cinye shagon, ya koya min, muka rabu. Kai ne ban san yadda zan yi da kai ba. Naka ya dawo. Har an saya maka lemo."

Daga ƙasa Auta tana kwaɗa kira, tasi ta samu. Gwaggo ta ninke tsohuwar takardar ta ba shi ya mayar, ya rufe akwatin, ta karɓi mukullinta. Na biyun yana lilo a jikin igiyar, yana ɗan bugun na farkon. Rediyo ya bi shi da ido har ya shige cikin mayafi.

"Shi ke nan, Gwaggo? Na koma goge gilashi?"

"Da wa ya ce ka daina?" Ta miƙa masa jan fil ɗin. "Idona sai bayan sati shida, sannan a yi ɗayan. Kai za ka riƙa sokawa. Gida huɗu ƙasa da hamsin."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ƙirga a fili, ya soke a ɗari tara da goma, a layin gobe. Ta shafa ta tabbatar.

"Mukullin kuma yana nan, ba ya ruɓewa. Ranar da farashi ya taɓa Maigadi, ka kira Dillali ka sayar, ko hannunka yana rawa, ko duk benen nan yana ce maka mahaukaci, ranar zan ba ka. Ko da washegari ya ninka."

"To in bai taɓa ba fa? In ya yi ta hawa shekara guda?"

"Sai mu yi ta godiya ga Allah," in ji Gwaggo. "Ni da Auta."

Ta kama hanyar fita. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Akwai jan biro a cikin durowa."

Ya raka ta har tasi. Auta ta leƙo ta taga. "Manaja, ina mukullin? A nuna mana mu sa albarka."

"Yana wajen gyara," in ji Rediyo.

Ya hau bene a hankali. Mai Agogo yana rufe shagonsa, ya dube shi ta saman gilashi, ya ce, "Ta ji shi ko?" Rediyo ya gyaɗa kai. Dattijon ya yi murmushi ya ci gaba da jan ƙofarsa.

Ya sami biron a can ƙarshen durowa, ƙarƙashin tsofaffin auduga. Ya tsaya a bayan ƙofa, ya zagaye ɗan ramin, sau ɗaya, ya sake bi a kai. Yana cikin mayar da murfin sai ga Caja da gudu, waya a sama.

"Mutumina! Hamsin da takwas! Ya ƙara hawa! Wallahi wannan ba zai sauko ba sai baɗi!"

Rediyo ya dubi wayar, ya dubi jan fil, ya dubi tazarar da ke tsakaninsu.

"Kash," ya ce.

Sannan ya kashe fanka, ya tuna da sabulu.